Gwiwar Aro

Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke
a rumfata ta bakin babbar kasuwa.
Ƙafar dama ce ke ci da gidana,
har ta fara kuka irin na ƙyauren da ya rasa mai.
Likita ya ɗaga hoto ga fitila, ya ce,
"Tsahiru, ƙashi ke cin ƙashi."

Jajayen awaki huɗu suka tafi kasuwa.
Cima ta kwance ƴan kunnenta, ba ta gaya mini ba,
sai da na ga hudar kunnuwan babu komai.

Kwana uku kafin su buɗe ƙafar.
Na leƙa, na ƙirga: ashirin da bakwai.
Ɗinki ne, amma wane irin ɗinki!
Da yaron rumfata ne ya kawo mini irinsa,
da na miƙa masa reza na ce ya farke.
Na yi shiru.
Mai allura yau ya zama ƙyalle.

Zancen dare ne babu wanda ya yi mini.
Da rana ciwo yana jin kunyar ƴan dubiya,
sai an kashe fitila yake ɗora tukunyarsa.
A gadon bakin taga akwai Ɗanladi na Jiratawa,
shi kwankwaso aka sake masa.
Ba ya nishi, kunyoyin zogalensa yake ƙirgawa,
yana tambayar rufin ɗaki wa ya ba su ruwa.

Sannan ga Barira, mai lanƙwasa gaɓoɓi,
yarinyar da ni na ɗinka rigar sunanta.
Ta kama dunduniyata, ta aza ma'auni,
ta ce, "Jiya sittin, yau saba'in nake so."
Na ce, "Albarka."
Ta ce, "Baba, nan ba a ciniki."
Ta tura.
Na kira sunan uwata, wadda ta rasu tun ina ɗan koyo.

A gida komai ya yi ƙasa da yawa:
tabarma, buta, kwanon tuwo, masai.
Lawali ya huda tsohuwar kujera ya kai bayan ɗaki,
ni da shi har yau ba mu taɓa maganar ba.
Jikoki na kirana mai ƙafa shida.
Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bedi
taku goma sha tara ne,
ban sani ba sai bana.

Salla a kan kujera ta halatta, liman ya faɗa.
Na yarda.
Amma goshina yana kewar ƙasa
kamar baƙon da ya zo ƙofar gida aka ce ya yi gaisuwa daga waje.

An ce kayan aro ba ya rufe katara.
Nawa a ƙarƙashin katarar yake, fata ta rufe shi.
Shi ke riga kowa sanin hadari,
tun gajimare bai haɗu a kan gulbi ba
sai in ce wa Cima ta kwashe shanya.
Tana dariya, tana kwashewa.

Sati na goma sha ɗaya, ranar Litinin,
na hana a kira mini kabu-kabu.
Na bi inuwar katanga da sanda ɗaya,
na huta wajen mai shayi, na huta wajen mai faci,
na isa ana kiran azahar.

Keke na nan ƙarƙashin tsohon zane.
Na ɗiga masa mai, na aza ƙafa.
Ƙarfe ya taka ƙarfe,
suka yi jim kamar ba su san yaren juna ba,
sannan allura ta sauka.

Bakin wandon lakwal na jikana ne kawai.
Layin ya karkace wajen tsakiya.
Na ɗauki reza,
na dubi gwiwata,
na mayar da ita cikin gwangwani.